Inna za ta sauke farali bana: waya kaɗai ta wadatar?

Ɗan Taura:
Salamu alaikum jama'a. Allah ya nufa mahaifiyarmu ta samu kujera bana, mun sayar da shanu biyu mun cika kuɗin. Ƙanena da ke aiki a Kano ya saya mata babbar waya, ya sa mata taswira da manhajar fassara, ya ɗauki hoton fasfo da takardar biza ya adana a ciki, ya ce shi ke nan, ba ta buƙatar komai. Ni hankalina bai kwanta ba. Inna ba ta karanta boko, Alƙur'ani da ajami ta sani, ko kira aka yi mata sai jikarta ta goga mata allon. Waɗanda suka taɓa zuwa, don Allah me za mu tanada bayan waya?

Alhajin Gumel:
Wa alaikumus salam. Allah ya sa ta yi karɓaɓɓe. Ka gaya wa ƙanenka zafin ƙasar ba irin namu ba ne. A Hajjin 2024 ya haura digiri 51 a Makka, mutum sama da 1,300 suka rasu. Ranar Arfa da idona na ga wayoyi suna kashe kansu don zafi, a Mina kuma mutum goma ne a kan soket ɗaya. Wani dattijo a tantinmu ya fita jifa, wayarsa ta mutu a hanya, kuma lambar tantin a cikinta take. Tantunan duk farare ne, iri ɗaya, ya kwana yana zagaye sai da safe ma'aikata suka kawo shi, ƙafafunsa sun kumbura.

Ku samu kati mai kauri ku rubuta sunanta da jiharta da lambar jami'in alhazan ƙaramar hukumarku, da Larabci da boko, a manne shi da leda. Ku sake rubuta mata da ajami don ita ma ta iya karantawa. Da sun sauka ta karɓi katin otal a wurin masu tarbar baƙi ta sa a jakar wuya. Awarwaron shaida da za a ɗaura mata kada ta cire, ko wanka za ta yi.

Maman Hafsa, Ringim:
Alhaji ya yi gaskiya, amma kada ku raba ta da wayar. Shiga Rauda, wato tsakanin kabarin Annabi (SAW) da mumbarinsa a masallacin Madina, yanzu sai an nemi izini ta manhajar Nusuk, ita kuma ba za ta iya ba, sai wata ta yi mata. Don haka abin da ya fi komai shi ne abokiyar tafiya. Ku je wurin bita ku nemo mace mai ƙuruciya daga yankinku, ku kai mata gaisuwa har gida, ku damƙa mata amanar Inna. Ni haka aka yi min da wata baiwar Allah daga Sankara, hannunta na hannuna har muka dawo.

Sannan ta haddace ƙofar da ta shiga Haramin Makka. Ƙofar Sarki Abdul'aziz ita ce lamba 1, ta Sarki Fahad 79. Wanda ya fita ta wata ƙofar daban zai ga kamar wani gari ya faɗa.

Malam na Babura:
Ku kula da maganar kuɗi. Yarona ya dogara da banki ta waya, da ya sa layin can sai saƙon lambar sirri ya daina zuwa masa, don layin gida ake turo shi. Guzurinta ya zama a hannu, a canza kaɗan zuwa riyal, a raba gida biyu. Pawa bank kuma in za a hau jirgi jakar hannu ake sa shi, ba babbar jaka ba.

Ɗan Taura:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, akwai matar limamin ƙauyen da ke gaba da mu, ita ma bana za ta, gobe bayan la'asar zan raka Inna gidansu. Alhaji, katin nan wa zai rubuta min Larabcin daidai, malamin bita ko in kai wa malamin Islamiyyarmu?