Sabuwar Hilux: in jira isowarta ko in ɗauki wadda ke kasuwa?

Manomin_Shika:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san mota. Toyota ta nuna sabon zubin Hilux a Tailan a watan Nuwamba 2025, bayan wadda muka saba gani tun 2015. Aikin da nake son motar ta yi shi ne kai taki da iri gona wajen Giwa da damina, kwaso masara da kaka, sai zirga-zirga tsakanin Zariya, Kaduna da Kano. Wani dillali ya ce in ba da kafin alƙalami ya sa ni cikin waɗanda za a fara kawo wa. Me aka canza a cikinta ban da fuska? Jiran ya dace, ko in ɗauki mai injin fetur 2.7 da ke ƙasa yanzu?

Bakanike_TudunWada:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Abin da aka canza sosai shi ne gaban motar, cikin gidan direba da allunan kwamfuta, da sitiyari mai aiki da lantarki a wasu ƙasashen. Ƙashin motar kuwa, wato cesis, kan na da aka gina ta, an dai ƙarfafa shi. Babban injinta ma ba baƙo ba ne: 1GD ne na gas, lita 2.8, ƙarfin doki 204, wanda ke cikin tsohon zubin. An ƙara mai batir zalla, amma wannan ba ta gonar Giwa ba ce.

Don haka abin dubawa shi ne wace ƙasa aka ƙera wa motar da za a kawo maka. Injin 1GD na kasuwar Turai yana zuwa da matatar hayaƙi a salansa, wadda ake kira DPF. Ita ke tara baƙin hayaƙi, in ta cika sai kwamfutar motar ta ƙara feshin gas don zafin salansa ya kai wajen digiri 600 ta ƙone shi. Wannan ƙonawar tana son doguwar tafiya ba tsayawa, kamar daga Kwangila zuwa Kaduna. In motar kullum daga Sabon Gari zuwa Kofar Doka take, ana kashewa ana tayarwa, ƙonawar ba ta kammala. Gas ɗin da bai ƙone ba yana iya gangarawa cikin baƙin mai, sai ka ga ma'aunin mai yana hawa maimakon sauka, man ya tsinke, metal da tobo su fara cinyewa. Gas mai sulfa da yawa yana saurin toshe matatar. Baƙin man ma ba kowanne ba ne, sai mai ƙarancin toka irin C2, kuma injin yana shan wajen lita 7.5 da filta.

Sannan a ta Turai akwai AdBlue, wani ruwa da ake fesawa a salansa don rage gubar hayaƙi, yana da tankinsa daban. Yuriya ce tatacciya kashi 32.5 cikin ɗari a ruwa marar gishiri. In ya ƙare, ka kashe motar ba za ta sake tashi ba sai an zuba. Zafi yana lalata shi in an ajiye jarka a rana. Kuma don Allah kada wani ya ce ai takin yuriya ne, ya jiƙa na gona ya zuba. Zai kashe famfon da nozul ɗinsa.

Abu na ƙarshe, nozul. Injin yana fesa gas da matsi sama da bar 2,000, ɗan ruwa ko ƙura kaɗan ya isa ya ci bakin injekta. Duk mai 1GD ko ƙaninsa 2GD mai lita 2.4 ya riƙa tsiyaye ruwan filtar gas da zarar fitilar ta kama, ya sayi gas a gidan mai ɗaya da ya yarda da shi, ya guji na jarka.

Shi kuwa 2TR na fetur 2.7 ba shi da tobo, ba DPF, sarƙa ce ke juya taimin ba bel ba. Yana shan mai in an yi masa lodi, kuma bai kai na gas ja a tabo ba, amma babu garejin da ba a san shi ba, kayansa kuma suna Panteka da Kofar Ruwa.

Ɗan_Tinkan:

Ranka ya daɗe, batun kafin alƙalamin ne ya fi tsaya mini. Sabon zubi yakan fara sauka ne a Tailan da Ostireliya, kuma dukkansu sitiyarinsu a dama yake. Mu tun 1972 muke bin hannun dama da sitiyari a hagu, kuma an hana shigo da mai sitiyarin dama. Duk lokacin da mota ta yi farin jini, sai wasu su sayo ta dama a juya mata sitiyari a hanya kafin ta iso. Juyin yana nufin an cire dashbod, an sauya mazaunin sitiyari, an ja sabbin bututan birki, an yanka wayoyi an haɗa. A motar da sitiyarinta na lantarki ne, mai jakar iska da sansa a ko'ina, wannan ba aikin da za ka ɗora ran iyalinka a kai ba ne.

Ga yadda ake ganewa. A jikin ginshiƙin ƙofa akwai takardar kamfani mai lambar samfur. A zubin 2015 za ka ga misali GUN126L ko GUN126R. L hagu ce, R dama ce. In ka ga R alhali sitiyari yana hagu, juyayya ce. Duba kuma waifa: a motar asali sharar tana ƙarewa ne a gefen direba. Fitilun gaba na motar dama suna karkata haske zuwa hagu, wato cikin idon mai zuwa. Lambar cesis mai harafi 17 ita ma tana magana: MR0 Tailan, AHT Afirka ta Kudu. MR0 ba laifi ba ne, don Tailan na ƙera masu hagu don fitarwa, shi ya sa sai ka haɗa da harafin samfur.

In za ka ba da kuɗi, a rubuta a takarda: lambar samfur, irin injin, giya ta hannu ko otomatik, kasuwar da aka yi wa motar, ko kuɗin kwastan na ciki, ranar miƙa mota, da yadda za a maido kuɗinka in ranar ta wuce. A rubuta kuma wa zai ɗauki bambancin in dala ta tashi, don a nan rigima take ɓarkewa. Garanti kuwa daga dillali mai izinin kamfani kaɗai yake da amfani. Wanda ya ce "layin farko" amma ba zai iya rubuta maka lambar samfur ba, shi ma bai san abin da zai kawo ba.

Rewaya_Samaru:

Ni ba na ganin jiran laifi ne, Alhaji, in ba a matse kake ba, amma ka jira wadda aka yi wa Afirka, ka bar ta kuma ta yi kamar shekara a hannun mutane. Dalili shi ne kayan jiki. Injin tsoho ne, amma fitila, bamba, gilashin gaba, madubi da allon ciki duk sababbi ne, kuma babu na Beljiyam tukuna. Babur ya goge maka fitila a PZ, sai an yi oda.

Game da Hilux mai batir na 48V da ake talla: ba motar lantarki ba ce. An maye gurbin altaneta da wata na'ura da ke caji kuma tana ɗan taya injin ja, da ƙaramin batir na litiyom, batir na 12V kuma yana nan. Matsalar ita ce al'adarmu ta yanka waya a jona fitilar kan rufi ko na'urar bin sawu a duk inda aka ga wuta. A wannan motar hakan na iya rikita burenbos ya hana caji. Duk gyaran da za a yi sai an fara sa kwamfuta an karanta lambar matsalar, kuma kwamfutar sai an sabunta ta ta san sabon zubin.

Manomin_Shika:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To Toyota Tacoma fa? An ce ita ma ta sake zubi, kuma fetur take sha. Buhu nawa kuma Hilux ɗin za ta ɗauka ba tare da an cuce ta ba?

Bakanike_TudunWada:

Tacoma ta sake zubi a 2024, amma ba Hilux ba ce mai wani suna. Don Amurka aka yi ta, a Meziko ake haɗa ta, injinta fetur 2.4 mai tobo, kuma yawancin masu ƙofa huɗu sifirin ɗin bayansu mai naɗi ne, ba falle-falle ba. Ta fi daɗin zama, ba ta kai Hilux ɗaukar kaya ba, kuma kayan ƙafarta ba sa shiga na Hilux. Yawancin waɗanda ke isowa nan daga gwanjo suke, sai an binciki tarihin hatsari da na ambaliya da lambar cesis.

Lodi kuwa, Hilux mai ƙofa huɗu wajen tan 1 aka yi mata, tsohuwa da sabuwa, kuma har da mutanen da ke ciki ake lissafi. Kai da leburori huɗu kun kai kilo 350, saura 650: buhun masara mai kilo 100 guda shida ke nan, ko buhun taki mai kilo 50 guda goma sha uku. Kai kaɗai, buhun masara tara. A jera masu nauyi daga jikin gidan direba zuwa kan tayar baya, kada a tara su a bakin ƙofar baya, don gaba yana yin sauƙi, sitiyari ya daina kama ƙasa. Ƙara falle a sifirin yana hana motar zama, amma nauyin yana komawa kan boris na aksul, birki da cesis, kuma cesis yakan tsage ne daidai tsakanin gidan direba da bodi. In masarar kaka ta wuce buhu hamsin, ka ɗauki hayar Kanta ta kwaso, Hilux ta tsaya kan taki, iri da mutane. Ga wannan aikin, 2.7 mai giyar hannu da ogzilari ta isa, kuma za ka iya ɗaukarta kafin ruwan farko.