Me zan fara gyarawa a tsohon Africa Twin?

Mai Tambaya: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na sayi babur ɗin Honda Africa Twin XRV750 ƙirar 1996, kuma ina son in shirya shi domin doguwar tafiya. Kuɗina ba za su ishe ni komai ba, shin salansa zan fara sauyawa ko shokozoba?

Tsohon Bakanike: Wa'alaikumus salam, Malam. Ka ajiye batun salansa tukuna. Inda wannan babur ya fi ba da matsala shi ne na'urar daidaita wutar caji, wadda kan yi zafi ta ƙone, sai kuma famfon mai, wanda kan daina aiki ba zato. Duk wanda ya lalace a cikinsu zai tsayar da kai a daji.

Matafiyi: Gaskiya ne. Bayan su, ni shokozoba zan zaɓa, domin na baya ya gaji da shekaru, kuma kaya za su ƙara danne shi. Kada kuma ka ɗaure sarƙa tamau, saboda hakan yana cinye haƙoran sandar da ke fitowa daga giya, gyaran da ke bukatar buɗe inji.

Mai Tambaya: Na gode ƙwarai, zan fara da wutar caji.