Funfuna ta kama huhun maigidana bayan kemo: wa aka taɓa yi wa allurar ƙara fararen ƙwayoyin jini?

Uwargida: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Maigidana yana karɓar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, saboda sankarar jini. Zazzaɓi ya ƙi sauka duk da maganin kashe bakteriya, da aka ɗauki hoton ƙirji sai aka ce funfunar Aspergillus ce ta shiga huhunsa. An sa shi kan voriconazole, likita kuma ya ƙara wata allura mai suna filgrastim. Tunda ana ba shi maganin funfunar, mene ne aikin allurar? Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan hali ya ba ni labari, hankalina a tashe yake.

Ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. A ɗakin masu ciwon sankara nake aiki. Dukanmu muna shaƙar ƙurar funfunar nan kullum, amma fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutrofil suna gamawa da ita kafin ta yi saiwa. Kemo yana karya su, kuma idan suka sauka ƙasa da 500 a kowace maikrolita (wani ɗan ƙaramin ma'auni) ta jini, ƙofa ta buɗe. Jiki yana da wani sinadarin aika saƙo, G-CSF, da ke umartar ɓargo ya ƙera sababbin nutrofil ya sako su cikin jini. Filgrastim kwafinsa ne. Abin da na gani da idona shi ne, magani yakan danne funfunar, amma sauƙi na gaske ba ya zuwa sai ƙwayoyin nan sun dawo.

Wanda ya sha kemo: An yi min allurar filgrastim ɗin a fatar ciki. Anti, ki shirya wa ciwon ƙashi, musamman ƙugu da baya. Ni dai na tsorata, na ɗauka cutar ce ta bazu, sai aka ce ɓargon ne ke aiki. Ya lafa daga baya.

Baban yaro: Tamu ta ɗan bambanta. Ɗana da ciwon gado aka haife shi, wanda likitoci ke kira CGD. Nutrofil ɗinsa suna nan da yawansu, suna haɗiye ƙwayar cuta, sai dai ba sa iya fitar da sinadarin da ke ƙone ta. Maruru da ciwon huhu sun wahalar da shi tun yana goye. Bayan maganin rigakafi na kullum, an ɗora shi kan wata allura mai suna intaferon gama sau uku a mako. Shi wannan ba ya ƙara yawan ƙwayoyin, zaburar da su yake yi. Ranar allura yakan yi zazzaɓi da kasala kamar mai mura, shi ya sa muke yi da dare. Alhamdu lillahi, kwanciyar asibiti ta ragu sosai. An kuma gargaɗe mu kada ya kusanci ruɓaɓɓen ganye ko takin da ake juyawa, domin nan funfunar ta fi yawa.

Yayar marar lafiya: 'Yar'uwa, bari in ƙara wani abu da ya kusa ruɗa mu. Ƙanena yana da HIV, adadin ƙwayoyin garkuwarsa da ake kira CD4 ya faɗi ƙasa da 100, funfunar Cryptococcus ta jawo masa sanƙarau. Aka fara ba shi maganin funfuna mai suna amphotericin B, aka jinkirta maganin HIV na wasu makonni. Na yi ta gardama, ina ganin sakaci ne. Likitar ta zaunar da ni ta ce idan garkuwa ta farka da ƙarfi alhali funfuna na cike a kwanya, kumburin da za ta haddasa kan iya kisa.

Ma'aikaciyar jinya: Gaskiya ne Yaya, a huhu ma hakan na faruwa. Hajiya, lokacin da nutrofil suka fara hawa, tari ko numfashi na iya ƙara tsanani na ɗan lokaci. Kada ku dakatar da komai da kanku. Idan kin ga jini a majinarsa ko numfashi ya yi wuya, ki kira likitoci nan take.

Uwargida: Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Gobe da safe za a sake ɗibar jini, zan tambayi adadin nutrofil ɗin in zo in faɗa muku.