Facin fuskar Lydia da maganar sata

Ɗan Nima: Salamu alaikum. Yau sai na faɗa, duk wanda zai ji haushi ya ji. Kun san matsalar Lydia, jarumar da ke raka ɗan wasa a wasan kwamfuta na Skyrim, idan ka sa mod, wato ƙarin da 'yan wasa ke haɗawa don sauya wasan, mai canza fuskokin mutanen garin Whiterun tare da wanda ke canza yadda suke yawo da faɗa, fuskarta sai ta yi duhu, wuya wani launi, kai wani launi. Dalili, duka biyun suna taɓa bayaninta guda ɗaya, kuma wasan na ƙarshe a jeri kawai yake ɗauka, ya watsar da na farko. Na zauna da SSEEdit, manhajar da ke nuna inda mod biyu suka yi karo, na bi jajayen layuka ɗaya bayan ɗaya, na kwaso fuska daga wannan, hali daga wancan, na zuba a sabon fayil, na sa masa alamar ESL don kada ya ci gurbi a jerin mod. Manhajar LOOT ba ta yin wannan, jera mod kawai take yi. Yanzu na ga facin nawa, wato wannan fayil ɗin gyara, yana yawo a wani zauren WhatsApp da sunan wani. Wannan sata ce.

Baba Aboabo: Wa alaikumus salam. Sata kuma? Ɗan'uwa, a hankali. Fuskar ba kai ka zana ba, halin ba kai ka rubuta ba. Ka haɗa kayan mutum biyu, kana kiran na uku ɓarawo.

Ɗan Nima: Tela ma ba shi ya saƙa yadi ba, amma rigar ɗinkinsa ce.

Hajiya Gamer: Tsakani da Allah, shi wasan ma saya ka yi a shagon intanet na Steam, ko a kasuwar Circle ta Ankara aka zuba maka a kebul?

Ɗan Nima: Hajiya, wannan ba ita ce maganar ba.

Hajiya Gamer: To mun ji amsa.

Mai Wando Mamobi: Ku bar shi. A Nexus, shafin da ake ɗora mod, kowane mai mod yana rubuta ko ya yarda a sake ɗora kayansa ko bai yarda ba. Ɗaukar aikin mutum ka goge sunansa, ko a makarantar allo sunansa sata.

Baba Aboabo: Ya ɗora a Nexus ɗin? A WhatsApp ya tura. Abin da ka watsa a zaure sadaka ne.

Mai Wando Mamobi: Sadaka ba ta hana a ce Allah ya saka wa wane.

Ƙaramin Alhaji: Yayyena don Allah, ni nawa takubban sabon mod ne ba sa fitowa wurin 'yan fashi. Facin nan zai gyara?

Ustaz Asawase: Kalmar sata tana da sharuɗɗa. Dole a ɗauke abu daga ma'ajiyarsa, mai shi ya rasa. Fayil ɗinka yana nan a kwamfutarka ko ba ya nan?

Ɗan Nima: Ustaz, yana nan. Sunana ne ba ya nan.

Baba Aboabo: Mu a Kumasi tun wasan ƙwallo na PES 2017 muke raba faci mai ƙungiyoyin Gana kyauta, ba wanda ya yi kuka. Ku mutanen Ankara komai sai an buga muku ganga.

Mai Wando Mamobi: Facin naku da aka ba 'yan Kotoko ta Kumasi ƙarfin Barcelona, aka mai da 'yan Hearts ta Ankara guragu? Shi ma wani irin sata ne.

Baba Aboabo: Kofin zakarun ƙungiyoyin Afirka biyu gare mu, 1970 da 1983. Naku nawa?

Mai Wando Mamobi: Na 2000 da idona na gani. Naku a bakin kakanni muka ji.

Hajiya Gamer: Chale, daga Lydia mun koma Kotoko?

Ƙaramin Alhaji: Takubban fa?

Ɗan Nima: Ƙanena, naka daban ne. Jerin kayan da wasan ke raba wa abokan gaba ne mod biyu suka taɓa. Buɗe manhajar Wrye Bash ka gina Bashed Patch, facin da ke haɗa jerin kayan wuri guda, ka bar shi a ƙasan jerin mod.

Baba Aboabo: Ka ga, ya koyar kyauta. Gobe yaron ya koya wa wani, ka ce ya sace.

Ustaz Asawase: Ni dai a janye kalmar, a ce rashin ladabi.

Ɗan Nima: Ban janye ba.

Shugaban zaure, daga Aboabo: To ya isa haka. Abin da aka tsayar: yawancin jama'a sun yarda ba sata ba ce, Ustaz ya kawo hujja, kuma an tabbatar Kotoko ta fi kofi. Ɗan Nima ya yi ƙoƙari amma ya rage zafin kai. Wanda ya sake ambatar sata zan cire shi.

Mai Wando Mamobi: Yawancin wa? Mutum uku ne, duka 'yan Kumasi.

Shugaban zaure: Na rufe.