Faifan Baba: ido ke aunawa ko kunne?

Ɗan Gwammaja
Assalamu alaikum iyaye da yayye. Na tarar da faya-fayen garmaho a adakar mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Na kai wa wani dillali, ya ce duk sun gaji. Ga kukana, a amsa mini da irinsa.

Na buɗe adakar Baba jiya da hantsi,
Faifai sha biyu na kwance cikin ƙura.
Dillali ya jujjuya su sama-sama,
Ya ce sun gaji, babu abin gyara.
Bai ɗora ko guda kan na'ura ba,
Bai ji kalangun ba, bai sa allura.
Iyayena ku auna mini gaskiya,
Ina ake dubawa, da me ake lura?

Baba Mai Garmaho, Fagge
Wa alaikumus salam ɗana. Allah Ya kai haske kabarinsa. Kada ka sayar tukuna.

Fara ware su, ɗana, gida uku ne,
Kowane da saurin da aka tsara.
Mai juyi 78 a minti shi ne kaka,
Na ƙaro ne, in ya faɗi sai asara.
Minti uku yake ba ka a fuska ɗaya,
Ka juya shi, ka sake sabuwar allura.
Mai 33 kamfanin Columbia ya kawo,
A 1948, can Amurka aka fara.
Mai 45 ƙarami ne, na RCA Victor,
Ya biyo bayansa da tazarar shekara.
Biyun nan roba ne, ba sa saurin fashewa,
Abin da suke tsoro shi ne ranar bazara.
Riƙe shi ta gefe, yatsa kar ya taɓa tsagi,
Karkata shi ga haske, sannan ka lura.
Zanen da ido ya gani, farce bai ji ba,
Sau da yawa ba ya tayar da ƙara.
Wanda farce ya tsaya a kansa kuwa,
Duk zagaye zai ce ƙas a bakin allura.

Mai Shago a Kurmi
Baba ya yi magana. Ni dai na zo kare sana'a, don ba duk dillali ne azzalumi ba.

Masu wannan harka a faɗin duniya,
Hawa-hawa suke wa faifai jera.
Sabo fil na sama, wanda ba a taɓa ba,
Samunsa a garin nan ya zama almara.
Sai kamar sabo, sai mai kyau ƙwarai,
Sai mai ɗan shuu, amma ana saurara.
Ƙasa da su akwai mai dama-dama,
Sai gajiyayye mai tsalle, shi ne saura.
Rigar kwalin ma tata daraja daban,
In gara ta ci, kuɗi ba ya ƙara.
Ka duba lambar da aka zana gefen tambari,
Ita ke faɗin bugun da aka ƙera.

Hajiya 'Yar Dala
Alhaji mai shago, na ji jerinka, amma ban ji ka ambaci kunne ba.

Ido na ruɗi, Alhaji, na sha gani,
Faifai na sheƙi kamar an shafa madara,
Amma tsohuwar allura ta cinye tsaginsa,
Muryar ta dushe, kotson ya zama ƙara.
Wani kuma duk zane kamar bayan ƙwarya,
Ka ɗora shi, taushi ya fito yana kwarara.
Ɗana, kar ka yarda da hukuncin kallo,
Wanke shi, ka ji shi, sannan a yi shawara.
Ruwa mai tsabta da ƙyalle mai laushi,
Bi tsagin a zagaye, kada ka gitta shara.
Sifirit kuwa kar ya kusanci na 78,
Narkar da ƙaron yake, ba ya gyara.

Baba Mai Garmaho, Fagge
Hajiya ta fi ni gaskiya a nan. Zan ƙara abu ɗaya, don ni ya ci.

Na bar faifan kuntigi a mota da azahar,
Watan Afrilu, rana tana sara.
Na dawo ya lanƙwashe kamar faifan kaba,
Har yau in na tuna sai ƙwalla ta taru, ta ƙara.
A tsaye ake ajiye su, nesa da kwano,
Kada a jibge su, kan juna a tara.

Ɗan Gwammaja
Na gode iyayena. Na bi maganar Hajiya, na ari na'urar maƙwabci.

Na wanke tara na roba, na shanya a inuwa,
Bakwai sun yi magana ba tare da ƙara.
Biyu na tsalle, ukun ƙaro ban taɓa ba,
Ɗayansu ya tsage tun daga baki har tsakar da'ira.
Na farko da na sa, Inna ta fito daga ɗaki,
Ta ce shi Baba ke sawa bayan isha, ana hira.

Baba Mai Garmaho, Fagge
Ka gaishe mini da Inna. Garmahona na nan da ransa.

Kawo ukun nan Asabar bayan la'asar,
Ina da gwangwani cike da sabuwar allura.
Sa kwali tsakaninsu, ka rungumo su a ƙirji,
Kar ka ɗaure su a bayan babur cikin ƙura.