Posdok kan tattalin arzikin laifi: wace ƙofa zan buga?

Ɗan Adar: Assalamu alaikum ƴan zaure. Bara na kare tez ɗina, wato kundin digirin dokta, kan satar dabbobi da ratar arziki tsakanin gidaje a jihar Tawa. Yanzu darasin sa'o'i nake bayarwa a Jami'ar Djibo Hamani. Posdok nake nema, wato aikin bincike bayan digirin dokta, shekara ɗaya ko biyu. Yayye da malamai, a nuna mini hanya.

Ƴar Dogondutsi: Wa alaikumus salam. Barka, Dokta! Allah ya sa albarka. Fara da tallafin bincike na Georg Forster na gidauniyar Humboldt ta Jamus, don ƴan ƙasashe irin namu aka yi shi. Wata 6 zuwa 24, kuma kada ka wuce shekara 4 da kare tez. Sai dai dole ka samu malamin da zai karɓe ka can kafin ka tura dosiye.

Na Konni: Akwai tallafin Marie Curie na Tarayyar Turai ma. Satumba ake rufewa, ba ruwansu da ƙasarka, har shekara 8 bayan tez. Amma gasar ba ta wasa ba ce.

Bafulatanin Abalak: Satar dabbobi ka ce? To ka fara tambayar Arawa inda shanunmu suka shiga.

Ƴar Dogondutsi: Ji bawana! Shanun da ka bari ka tafi shan shayi? Ka kawo mini nono gobe in yafe maka.

Malam Babba: Ƙanena, kafin maganar inda za ka, bari in ba ka abin da ya same ni, don ni ma ta nan na bi. Wata takwas na yi ina kwafe rajistar ƙorafi da hannu a wasu garuruwa uku. Ba a yarda in ɗauki hoto ba. Kan benci nake zama bakin ƙofa da littafi bisa gwiwa, wani shafin ruwa ya ci shi, wani an rubuta "akuya 4" ba rana ba wata, sai in jira wanda ya rubuta ya dawo daga sintiri in tambaye shi. Da na samu posdok a wata jami'a ta Turai, murna ta hana ni karanta kwangilar da kyau. Satin farko shugaban tawagar ya ce in zuba bayanan cikin rumbunsu na kwamfuta, na zuba. Albashi bai fara shigowa ba sai bayan wata uku, saboda takardar zama ta makara kuma banki ba ya buɗe asusu sai da ita. Kuɗin filin da na sayar a Yamai na cinye a haya. Wannan duk na haƙura. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne, bayan na dawo gida, maƙalar ta fito da sunaye uku, nawa yana can ƙasa wajen godiya, wai na taimaka wurin tattara bayanai. Tambayar binciken tawa ce, ni na san dalilin da ya sa sata ke ƙaruwa gab da babbar salla. Saboda haka ka rubuta, su sa hannu: bayanan na wane ne, sunan wa zai fito, kuma in ka tashi tafiya kana da ikon ci gaba da aiki da su. Kada kunya ta hana ka. Su suna da kuɗi da laburare, kai kana da abin da ba za su samu daga ofis ba.

Ɗan Adar: Innalillahi. Malam, Allah ya saka muku. Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Na Konni: Ni dai tun asali ban yarda da fannin ba, ku yi haƙuri. Ƙauyenmu talauci har wuya, amma rumbu a buɗe yake kwana. Manyan ɓarayi suna cikin ofis da na'urar sanyi.

Ƴar Dogondutsi: Ai ba talauci aka ce ba, yaya, rata aka ce. Masanin tattalin arziki Gary Becker a 1968 cewa ya yi mai laifi yana auna abin da zai samu da yiwuwar a kama shi da kuma nauyin hukunci. In kowa talaka ne, me za ka sata? Demombynes da Özler sun duba Afirka ta Kudu a 2005, suka ga fasa gida ya fi yawa a unguwar da ta fi maƙwabtanta arziki. Maganarka ma goyon bayansu take yi.

Na Konni: To tsoron Allah fa, ina aka sa shi cikin lissafin?

Bafulatanin Abalak: Tambaya ke nan. Da kunyar dangi.

Malam Babba: Ɓarayin ofis ɗin ma an yi aiki a kansu, a nan gida. Cibiyar binciken zamantakewa ta LASDEL tun 2001 take Yamai, su Olivier de Sardan da Tidjani Alou sun bi ƙananan cin hanci a kotu da kwastan da asibiti. Ba masana tattalin arziki ba ne yawancinsu, shi ya sa yaranmu ke wuce su, kuma kuskure ne. Ɗan Adar, je ka zauna da su ko da wata ɗaya.

Mai Alƙaluma: Matsalarka ta gaskiya bayanai ne. Wanda aka kore wa shanu wajen mai gari ko hakimi yake zuwa, wani ma bin sawu yake da ƴan uwansa, rajistar jandarma kaɗan take gani. ACLED, mai tattara bayanan tashe-tashen hankula, rikici da hare-hare take ƙirgawa, ba satar akuya ba. Ka haɗa da EHCVM, binciken yanayin rayuwar gidaje na hukumar ƙididdiga ta ƙasa (INS), ta 2018/19 da ta 2021/22, cikin tambayoyin masifun da suka samu gida akwai sata. Afrobarometer, mai jin ra'ayin jama'a a Afirka, ita ma ta taɓa tambaya ko an yi wa mutum sata a gida. Kuma in da ni ne, Agadas zan duba: doka 2015-36 ta mayar da jigilar baƙin haure laifi, a Nuwamba 2023 aka soke ta. Sana'a guda, an hana, an sake halatta. Ina direbobin suka koma a tsakani, haƙar zinariyar Jado ko wani abu? Duk malamin da ka aika wa wannan tambaya zai amsa maka.

Ƴar Dogondutsi: Wannan ai ni zan ɗauka in bai so.

Ɗan Adar: Ina so, Tanti! Paris fa? Can ne World Inequality Lab, cibiyar nazarin ratar arziki ta su Piketty.

Na Konni: Ofishin jakadancin Faransa a rufe yake tun Janairun 2024. Ka lissafa kuɗin zuwa wata ƙasa neman biza.

Mai Alƙaluma: Kada ka raina na gida Afirka. AERC, ƙungiyar binciken tattalin arziki ta Afirka a Nairobi, tana ba da kuɗin bincike kana zaune wurin aikinka, sau biyu a shekara ka je ka gabatar, manya su gyara maka. Akwai CODESRIA, majalisar binciken zamantakewa ta Afirka, a Dakar. Cibiyar ACEIR a Jami'ar Cape Town aikinsu ke nan, rashin daidaito. Kuma maƙalu masu kyau su CAMES, hukumar da ke tantance malaman jami'a, za ta duba ranar da ka nemi ƙarin matsayi. Turancin Ingilishinka fa?

Ɗan Adar: Karatu ina yi, magana ce da sauƙi-sauƙi.

Mai Alƙaluma: To fara yau, tun kafin dosiye.

Bafulatanin Abalak: Dokta, in za ka shiga daji ka biyo ta Abalak ranar kasuwa. Dillalan shanu sun san wadda aka sato tun daga tambarin da ke jikinta, zan haɗa ka da biyu.

Na Konni: Har yanzu ba wanda ya amsa mini maganar tsoron Allah.

Malam Babba: Bayan la'asar, in sha Allah. Ɗan Adar, turo mini shafi biyu na abin da kake son yi kafin ka rubuta wa kowa.