Inna ta ƙi allurar korona, ga kujerar Makka ta fito

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Mahaifiyarmu ta biya kuɗin kujera tun 2020, annoba ta hana tafiya shekara biyu a jere. Bana, wato 2022, Saudiyya ta buɗe ƙofa da sharaɗi: kada maniyyaci ya kai shekara 65, ya yi rigakafin korona, ya kuma kawo sakamakon gwajin da aka yi cikin awa 72 kafin tashi. Shekarun Inna 61, nan babu matsala. Allurar ce ta ƙi. Tana da suga da hawan jini, kuma ta ce ba ta manta abin da ya sami yaran Kano a gwajin magani na 1996 ba. Jiya na tarar da ita ta buɗe akwati tana ninke farin hijabin da ta ɗinka don Arfa, hawaye na zuba. Wani ya ce in kawo ɗan abu ya samo mana kati ba tare da allura ba. Ya zan yi?

Wata ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, rabu da mai katin nan. Katin gaskiya yana da lambar da ake dubawa a kwamfuta, in ba a ga sunanta ba an yi asarar kuɗi da kujera. Ko da ya wuce ma, ka tura mai suga cikin mutum miliyan ɗaya babu kariya? Irinsu cutar ta fi kwantarwa, shi ya sa aka sa su a sahun gaba. Ka kai ta wurin likitan da ta saba gani, a auna suga da jini, ta ci gaba da shan maganinta. Allurar kyauta ce a asibitocin gwamnati. Hannu zai yi tsami, wataƙila da ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu. In lokaci ya ƙure, ku tambayi ta Johnson & Johnson, sau ɗaya ake yin ta.

Wani dattijo:
Ɗana, kada ka ce mata tsoronta shirme ne. Mu ma mun ga zamanin. Amma wancan magani ne na gwaji, Trovan, aka ba yara lokacin annobar sanƙarau. Wannan kuwa tun Maris 2021 ake yin ta a ƙasar nan, Buhari ya miƙa hannu aka yi masa kowa na kallo. Ka tuna mata kuma, tun da can alhaji ba ya tashi sai da allurar sanƙarau da ta shawara. Sai dai maganar ɗa ba ta cika shiga kunnen uwa ba. Nemo sa'arta da ta riga ta yi, su zauna su biyu.

Wata 'yar uwa:
Kar ku manta da gwajin. Ana iya yin allura gwaji kuma ya nuna cutar. Satin ƙarshe ku rage 'yan sallama da ke cika ɗaki, in ba haka ba ta sa takunkumi. Ɗan tsinken auduga ne ake zura wa a hanci, ido ya kawo ruwa, shi ke nan.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Na kira Goggo, ƙanwar babanmu, ita ta yi tata tun bara. Ta ce ranar Juma'a bayan la'asar za ta zo da katinta a jaka.